Gidan Takarda

Kun sha tambaya ta abin da yas sa mutanen Magarya ke ce ma gidanmu Gidan Takarda, alhali babu malami ko ɗaya cikin zuriyarmu. Ni kaina sai da hurhura ta fara hito mani sannan nis shiga ajin manya nik koyi wanga rubutu mai kama da sawun kaji. Kullum sai in ce ku bar ni, na gaji. Gajiyar gaskiya ce, amma ba ita kaɗai ta hana ni ba. Ran nan da autanku Bello yad dawo gida da fasasshen leɓe, wai ya yi dambe don an ce mashi kakanai wawa ne wanda Bature yas sayar ma takarda, sai nig ga shirun nawa ya fara cin yara. To ga yadda abin yake. Mafi yawanshi gabana anka yi, kuma ni abin yaf fi ci.

Kakanku Mamman baduku ne, ɗan baduku. Bai noma sai dole, hannunai na basilla da aska ne. Ina goye yab bi fatake da jakuna ɗauke da jar fata, irin ta akuyoyinmu da ake rina da karan dafi, yan nufi gabas, bai tsaya ba sai Garwa, inda Jamus ke mulki a lokacin. Can yaz zauna shekaru shina ɗinka sirdi da ragama na dawakinsu, shina kuma tara ma wani Bajamushe ɗan kasuwa fatu. Da kuɗin azurfa suke biyan shi, masu hoton wani tsuntsu da yab buɗe fukafukai. Baba bai shan taba, bai cin goro sai an ba shi, don haka jaka tay yi nauyi. Da Ingilishi da Faransa sunka taso ma Jamus, baƙi sunka fara ɗaure kaya, sai Bajamushen nan yak kira shi cikin kanti. Abin da yac ce mashi mun ji shi bakin Baba har mun hardace. Wai azurfa nauyi gare ta, kuma tana kuka cikin jaka, duk ɓarawon hanya na jin ta. Wai can babban birninsu akwai wani gida, uwar bankuna duka, shi kaɗai sarkinsu yab ba ikon buga kuɗin takarda, kuma a ƙarƙashin gidan zinariya ce jibge. Kowace takarda an rubuta a jikinta cewa duk wanda yak kawo ta a biya shi, ko wane ne, ko yaushe, ga jan hatimi shaida. Shekarun da Baba yay yi da mutumen ga bai taɓa rage mashi ko anini ba. Sai Baba yaj juye mashi azurfar, yak karɓi takardu, shuɗɗa da masu ruwan ƙasa. Na daɗe ina tunanin ko cutar shi yay yi da gangan. Yanzu na fi yarda shi ma abin da yas sani ke nan.

Tare da Baba akwai Baffa Buba, Bafulatanin Shinaka, wanda kunka ishe da tsuhwa, mai zuwa da nono ran kasuwa. Shi shanu yak kai can yas sayar. An yi mashi tayin takarda shi ma, yaƙ ƙi.

"Kuɗin da akuya za ta iya cinyewa," yac ce ma Baba, "ba kuɗi ba ne, Mamman. Ciyawa ce."

 Baba yaz zauna da basilla yan naɗe takardun nan ƙanana ƙanana, yaɗ ɗinke su cikin jar fata kamar yadda yake ɗinke rubutun malamai. Sunka zama layu, ya rataya wasu ga wuya, wasu ga damtse. A hanyar dawowa 'yan fashi sunka tare ayarinsu. Azurfar Baffa Buba tat tahi duka, har da jakar. Da sunka zo kan Baba sunka ishe talakan baduku da basilla da tarin layu. Wani yaro cikinsu yak kai hannu zai tsinke ɗaya, babbansu yad doke mashi hannu. Ba a buɗe layar wani, ba ka san abin da anka ɗaure ciki ba. Haka Baba yad dawo da dukiyarshi cif, shi yac ci da Baffa Buba har gida da gyaran takalman mutane. To ku gaya mani, wanda abin ga yaf faru gare shi, wa zai sake gaya mashi takarda ba kuɗi ba ce?

Da ya iso, takarda guda ya kai ma wani malamin baitulmali a Wurno. Malamin yad duba, yam mayar mashi da sauri, yac ce kuɗin abokan gaba ne, shi ɓoye kada Bature ya ji. Baba yad dawo yaɗ ɗinke ta. Tun ran nan ba a sake buɗe laya ko ɗaya ba. Cewa yake Jamus za su dawo, mutanen da ke neman ƙusa guda in ta faɗi ba su barin kayansu. Layun suna rataye bisa turaku cikin ɗakinai. In damina ta wuce sai shi hito da su shi shanya bisa tabarma, shi shahe fatar da man shanu don kada ta tsage, shi zauna shina korar kaji. Inna, wato kakarku, ta kan wuce da ƙwarya ta ce:

"Sannunku da hutawa, masu gida. Ku ake shafa ma mai, mu ƙafafunmu duk faso."

Baba sai shi yi dariya. Ku sani hwa, mutum ne mai sakin hannu, kuma layun nan sunka sa shi haka. Zama yake kamar mai rumbu cike bayan ɗaki. In maraya ya kawo takalmi shi gyara kyauta. In an yi baƙo a gari a kawo shi zaurenmu. Duk Magarya an san Mamman na da kuɗin Jamus, ba wanda yat taɓa ganin su, amma in ya yi magana a kasuwa ana saurare. Ni ban ga laihin haka ba sai daga baya.

Abin da ke ci da gidan kuwa ba layu ba ne, fadama ce. Gadon kakanmu ce, bakin gulbi, baƙar ƙasa mai laushi wadda in ka danna ɗan yatsa ruwa ke biyo shi. Tun ina saurayi Baba yas sakar mani ita, don ni ban gaji ɗinki ba, hannuna ya yi kauri. Ni niy yi fangalan, ni nik kafa jigon da ke ɗebo ruwa, na san wurin da ke riƙe laima da wurin da sai an ba shi sau biyu. Albasarta manya ce, jajaye, masu saye na Goronyo kan gane ta tun tana bisa jaki. In gero ya gaza, albasa ta cike. Ban taɓa tunanin akwai ranar da zan tsaya bakin gonar nan in yi sallama kahin in shiga ba.

Sai shekarar fara. Kun ji labarinta bakin tsohwaffi, ba sai na ja ba. Gero ya yi kai, muna shirin girbi, fara tas sauko da hantsi kamar hadari, kahin la'asar kara ne tsaye tsirara. Irin albasar da nir rena ma ba ta bari ba. Bayanta ga haraji, shi kuwa bai san fara ba, da sulen Ingilishi ake biyan shi. A lokacin uwarku na ɗauke da cikin Sa'a, babbarku, ga Inna, ga ƙannena mata, rumbu kuwa in ka leƙa sai ka ga ƙasa.

Ana haka sai ga Madugu Isa na Goronyo har zaurenmu. Attajiri ne, ya yi fataucin goro har Gwanja, ya ga Jamus can wajen, kuma shi kaɗai ad da hatsi ajiye a duk yankin. Bai saba zuwa gidan talaka ba. Yaz zauna, anka gaisa, yad dubi rufin zaure, yad dubi ƙasa, sannan yac ce:

"Mamman, na ji halin da ake ciki. Ka ba ni layun nan yadda suke, ba sai an buɗe ba. In ba ka geron da zai kai ku kaka, in biya harajin gidanka duka. Matattun kuɗi na, taimako nike so in yi."

"In matattu na, Madugu, mi za ka yi da gawa?"

Madugu yay yi murmushi. Yac ce in Baba bai so, to akwai fadama, shi karɓe ta jingina a kan geron da harajin, duk ɗaya ne gare shi.  Kowa ya san abin da yas shiga hannun Madugu jingina bai hitowa.

Ba a jima ba Baffa Buba yaz zo da abin da yas sa Madugu tausayin nan na farat ɗaya. Masu kai shanu Gusau, inda jirgin ƙasa ya iso, sun ga wani Bature ya buɗe kantin sayen fata, kuma an ce Bajamushe ne. Jamus sun dawo. Ran nan na ga Baba ya yi abin da ban taɓa gani ba, ya tashi tsaye shina tafa hannu kamar yaro. Yac ce ma Inna ta fara tunanin irin zanen da take so. Inna tac ce ita dai tuwo take so.

Ni nir raka shi, da jaki guda da ɗan garin da anka kankare daga gindin rumbu. Munka bi ta Rabah munka miƙe. Duk hanya lissahin alheri yake, zai sake rufin masallacin unguwa, zai saya ma Baffa Buba saniya, zai saya mani shanun huɗa. Layun ya rataya su duka ƙarƙashin riga, in ya yi tahiya suna ƙwanƙwasar juna.

Bajamushen ba wanda Baba yas sani ba ne. Wani siriri ne mai sanƙo, rigarshi ta ci wanki har ta koɗe, shina duba fatu da kanshi a gindin rumfar kwano, shina ɗaga su ga rana don ganin huji. Ya iya Hausa kaɗan, ta Garwa, ya yi aiki can shina saurayi. Da Baba yag gaishe shi da 'yan kalmominsu da yar riƙe, sai yas saki fatar, yak kama hannun Baba da hannu biyu. Sunka yi ta ambaton unguwanni da mashayar dawaki. Sannan Baba yaz zauna bisa tabarma, yac cire laya guda, yas sa aska yab bi ɗinkin a hankali. Takardar tah hito kamar jiya anka naɗe ta, shuɗiya, ga tsuntsun, ga jan hatimi. Yam miƙa da hannu biyu.

Mutumen yak karɓa. Ya daɗe shina kallonta. Sai yac cire hularshi ya aje bisa gwiwa, kamar wanda anka gaya ma rasuwa. Tun nan nis san an gama.

"Baba," yac ce, "nawa gare ka irin wannan?"

Baba yab buɗe wuyan riga yan nuna mashi.

Abin da yag gaya muna, da Hausarshi mai tuntuɓe, shi ne wanga. Gidan nan gaskiya ne akwai shi, zinariyar ma an yi ta. Amma ranar da sarkinsu yas shiga yaƙi anka ruhe tagar da ake biyan zinariya, ba a sake buɗe ta ba. Yaƙi na cin kuɗi, sai gidan yay yi ta buga takarda. Sunka faɗi yaƙi, sarkin yag gudu, waɗanda sunka ci su sunka ɗora masu tara, gidan yaƙ ƙara bugawa. Har ta kai ma'aikaci in an biya shi da sahe sai shi ruga kasuwa da gudu, don kahin azahar kuɗin ba su sayen abin da sunka saya da hantsi. Da kwando ake zuwa sayen burodi, kuɗin sun fi burodin yawa. Daga baya anka yi sabon kuɗi, anka ce tsohon ya mutu.

"Amma nawa na zamanin sarki na," Baba yac ce. "Dubi hatimin. Ba cikin na banzan nan suke ba."

"Haka uwata tac ce," in ji mutumen. "Irin naka gare ta, duk abin da ubana yab bari. Tsohwaffi da yawa sun taru sun kai ƙara gaban alƙalai a kan jan hatimin nan. Ba a ba su komi ba. Ita da nata ta hura wuta, lokacin sanyi."

Yas shiga ciki yah hito da wata takarda, duk jikinta sifiri jere kamar ƙwan zabi. Yac ce wannan guda ta fi duk abin da ke wuyan Baba nesa ba kusa ba, kuma ranar da anka ba shi ita ba ta sayi ƙwai ba.

"To alkawarin da anka rubuta hwa?" Baba yat tambaya. "Wa zai cika shi?"

Mutumen yab buɗe hannuwa. Ya so shi ba Baba 'yan sulalla daga aljihunai, Baba yac ce shi ba bara yaz zo ba. Sunka yi ban kwana kamar mutum biyu da sunka haɗu wurin jana'iza. Ban ji haushin Bajamushen nan ba, har yau. Talaka ne irinmu, sai dai fari.

Munka kamo hanyar gida har munka kusa Rabah. Ni kuwa duk hanya kaina na aiki. Munka tsaya gindin wata tsamiya da rana tsaka don jaki shi huta, nic ce:

"Baba, ba wanda yas san abin ga sai ni da kai. Ɗinke waccan da kab buɗe. Mu je mu ce ma Madugu mun ishe Baturen ya tahi Ikko."

"Mun ishe shi."

"To kada mu ce komi. Ka ce ka sake shawara, ga layu, kawo gero. Shi yac ce ba sai an buɗe ba. Da bakinai yac ce matattu na."

"Bakinai yaf faɗi, zuciyarshi ba ta faɗi ba."

"Shi da yaj ji Jamus sun dawo, gaya maka yay yi? Cutar ka yaz zo yi har zaurenka, shina kiran abin taimako. Hatsinai ko rabi bai taɓuwa. Mu kuwa fadamar nan ita kaɗai gare mu."

"Na sani, Sanda."

"Ba kai ke jan jigo ba, shi yas sa."

Wannan ita ce magana mafi muni da nit taɓa gaya ma ubana, kuma bai tsawata mani ba. Yaz zauna shina jujjuya buɗaɗɗiyar layar.

"Da wanda yab ba ni ya sani," yac ce, "da na ce ɓarawo ne. Bai sani ba, shi yas sa nike iya yi mashi addu'a. Ni na sani. Kuma ɗinkina ne, Sanda. Duk layar da ke wuyan yaran garin ga ni niɗ ɗinke ta, ba uwar da tat taɓa buɗewa ta duba ko rubutun malam na ciki."

Nic ce mashi yara ba su cin ɗinki. Munka tashi.

A gida, da Inna taj ji, ba ta yi kuka ba. Tana tankaɗe dusa, ba ta ko ɗaga kai ba. Ni ɗan farinta ne, ba ta faɗin sunana, sai tac ce:

"Wancan mi yac ce?"

"Ya ce in sayar."

"Malam, ni ban ce ka sayar ba, ban ce kada ka sayar ba. Ka dai dubi cikin yarinyar can kahin ka hita."

Baba kuwa ya dubi cikin. Na ga ya tsaya ƙofar ɗaki shina kallon uwarku tana jan guga da ƙyar. Wallahi a lokacin na ɗauka na ci.

Ran kasuwar Goronyo munka tahi tare. Madugu na zaune cikin rumfarshi bisa buzu, mutane kewaye, ga buhunan gero an jera baya. Da yah hango mu da layu sai huskarshi tay yi haske, yas sa anka shimfiɗa tabarma. Ni ina bayan Baba ina ta addu'a Allah Shi kama bakinai. Yaz zauna, yac cire layun duka yaz zuba gabanai, sannan yaz zaro aska.

"Ba sai ka buɗe ba, Mamman," in ji Madugu.

"Sai na buɗe."

Yab bi su ɗaya bayan ɗaya shina farke ɗinkin da yay yi da hannunai, shina shimfiɗa takardun bisa tabarma, shina danne su da tsakuwa don iska. Mutane sunka bar ciniki sunka taru. Shekara da shekaru ana jin labarin kuɗin Jamus, yau ga su. Da yag gama sai yac ce, da muryar da kowa yaj ji:

"Na je Gusau, na ga Bajamushen. Kuɗin ga sun mutu tun da daɗewa, can ƙasarsu wuta ake hurawa da su. Wanda duk anka kawo ma irinsu kada shi saya. Madugu, fadamar nike so mu yi magana."

 Sannan wani mahauci yat tuntsire da dariya, sai kasuwa taɗ ɗauka. Wani yaɗ ɗauki guda yal liƙa ga goshi. Madugu kanshi ya yi dariya har yas share hawaye da bakin rawani.

"Kai, Mamman," yac ce, "da ka yi shiru ai da yanzu ni ake ma wagga dariya."

"Na sani."

Kuna tsammanin zan ce Madugu ya ji kunya ya yi muna rangwame. Bai yi ba. Ya karɓi fadamar jingina gaban shaidu, geron ma sai da yar rage, don ya ga ba mu da wata mahita. Munka ɗora bisa jaki munka dawo, yara na bin mu suna kiran Mai Takarda. Geron ya kai mu kaka da ƙyar, an haihi Sa'a lahiya, ba wanda yam mutu gidanmu a shekarar. Wannan kam na shaida. Fansar fadama kuwa, kowace shekara sai mu ce baɗi, kuma da mi za a fanshe ta tun da ita ce mai kawo kuɗin? Da rani yaz zo, yaran Madugu sunka kasa gane jigon, sai anka aiko in zo in yi masu ƙodago. Nij je. Ina da mata da jinjira.

Mutanen gari ba su riƙe cewa Mamman ya ƙi cutar Madugu ba. Abin da sunka riƙe shi ne ya yi shekaru shina shafa ma takarda man shanu. Baƙi sunka daina sauka zaurenmu, in ya yi magana a kasuwa sai a ce Jamus sun aiko. Baffa Buba kaɗai bai canza ba. Da yaj ji labari yaz zo da ƙwaryar nono, yaz zauna kusa da Baba, yad dube shi, sai dariya tak kama shi.

"Ashe duk an yi muna fashi, Mamman. Ni dai na ga huskar nawa ɓarayin."

Ran nan ne kaɗai nij ji Baba ya yi dariya a kan maganar. Bayan haka ya koma ga basilla, sai dai kyauta ta ragu, don babu rumbun da zai jingina da shi. Aikin laya kuwa bai taɓa yanke mashi ba, mata sunka ci gaba da kawo rubutun 'ya'yansu har idonai yad dushe. Ni na yi wata da watanni ban zauna cin tuwo da shi ba. Bai taɓa ce mani in yi haƙuri ba, ni ma ban taɓa ce mashi ya yi daidai ba. Ranar da ciwon ajali yak kwantar da shi ya tambaye ni ko wurin nan na gabas, mai son ruwa sau biyu, yaran Madugu na ba shi. Nic ce ni ke ba shi. Yac ce to madalla.

In kun tambaye ni yau, ni Sanda, da ni ad da layun, da na sayar. Ba ni ɓoye maku. Bayana ya ranƙwashe a gonar da ta kamata ta zama taku, kuma ba Jamus kaɗai sunka ja mani ba. Amma kakanku ba wawa ba ne. Alkawari anka rubuta mashi da hatimi, daga gidan da ƙasa guda tay yarda da shi, har uwar Bajamushen nan. Takardar ta bi hannu da hannu tun daga birninsu har Magarya, kowa na miƙa ma na gaba, da ta zo hannunai yas san ta mutu sai tat tsaya nan. Bello, in an sake ce maka ɗan Gidan Takarda, ka amsa, ka bar fasa leɓenka.

Takardun Inna ta hura wuta da su a hankali, ta ce tun da can ma haka ake yi. Guda ta rage, shuɗiyar nan ta farko, tana cikin tukunyar da nike aje irin albasa, wanda ke so shi je shi gani. Albasar da uwarku tas sa maku a miya jiya kuwa ta fadamar kakanku ce. Ni nid dasa ta, ni nib ba ta ruwa. A kasuwar Goronyo nis saye ta.